Jita ta ƙwace wa matan Abzinawa kiɗansu ne? Muhawara kan tende, imzad da mawaƙan Amazigh

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai sai na faɗe shi. Duk inda aka ambaci kiɗan Abzinawa yanzu, a rediyo ne ko a YouTube, maza za a nuno da rawani da jita a rataye: Tinariwen, Bombino, Mdou Moctar. Har yaran da ke tasowa sun ɗauka shi ne kiɗan kakanninsu. Ni kuwa a Tawa na girma, maƙwabtanmu Abzinawa ne, kuma kiɗan da na buɗe ido na gani a hannun mata yake. Tende turmin daka ne, a rufe bakinsa da fatar akuya, a ɗaura taɓare biyu a gefe, mata biyu su zauna a kansu don fatar ta ɗame, ana yayyafa mata ruwa ana kaɗawa. Ɗaya ta ba da waƙa, sauran su amsa da tafi da guɗa, maza kuwa nasu shi ne su hau raƙuma su yi ta kewaya matan. Sai imzad, mai tsirkiya ɗaya ta izgar doki, wanda namiji ba ya kaɗa shi. Yanzu a gidan biki sai a kawo janareto da lasifika, samari huɗu su tsaya da jita da ganguna, matan da su ne masu abin sun koma 'yan rawa. Ku gaya mini, wannan ci gaba ne ko ƙwace?

Bakatsine:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Kafin a yi nisa, a taimaka mini. Na ga an rubuta Amazigh a sama, wasu wuraren kuma ina ganin Berber. Su ne Barebarinmu na Borno, ko kuwa? Kuma me ya haɗa su da Buzaye?

Ɗalibin Tizi:
A'a Yaya, Barebari daban, harshensu ma ba dangin wannan ba ne. Amazigh, waɗanda Turawa ke kira Berber, su ne mutanen asali na arewacin Afirka, tun kafin zuwan Larabawa. Suna nan daga Siwa ta Masar har bakin teku a Maroko: 'yan Kabiliya da Shawiyya a Aljeriya, mutanen Rif da na tsaunukan Atlas da na Sus a Maroko, sai Abzinawa a hamada, wato Nijar da Mali da kudancin Aljeriya da Libiya. Harsunan dangi ɗaya ne, amma nisa ya raba su. Abokan karatuna a nan Tizi Ouzou, a yankin Kabiliya ta Aljeriya, in na kunna musu Bombino sukan tsinci kalmomi nan da can, ba sa bin zancen duka. Rubutun Tifinagh da yanzu ake gani a allunan hanya a nan da Maroko kuwa, Abzinawa ne suka riƙe shi bai ɓace ba, kuma iyaye mata ne ke koya wa yara.

Direban Arlit:
Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, ƙwace kalma ce mai nauyi. Ni na ga lokacin da abin nan ya faro, ina ɗaukar kaya tsakanin Agadas da Arlit da Assamaka. Jitar nan ba daga gidan biki ta fito ba, daga wahala ta fito. Farin 1973 ya kashe dabbobi, na 1984 ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Samari suka watse, wasu Tamanrasat ta kudancin Aljeriya, wasu Libiya, ba takarda ba aiki, ana kiransu ishumar. A can babu zango, babu raƙumi, babu uwa ko ƙanwa da za ta kafa musu tende. Me za su yi da kewa? Ibrahim Ag Alhabib, wanda ya kafa Tinariwen wajajen 1979 a Tamanrasat, yana ɗan yaro aka kashe mahaifinsa a tawayen Abzinawa na 1963 a Kidal, arewacin Mali. Da Gaddafi ya buɗe wa samarin Abzinawa sansanonin horon soja a shekarun 1980, can suka haɗu da sauran. Ba su da situdiyo. Kowa ya kawo kaset babu komai a ciki sai su zauna su rera masa, shi kuma ya tafi da shi, a yi ta kwafa daga rakoda zuwa rakoda har murya ta dushe. Mu direbobi mu muka yi ta yawo da kasakasan nan. Bayan kisan da sojoji suka yi wa Abzinawa a Cintabaraden a watan Mayun 1990, wanda ya tayar da tawaye a Nijar, samun irin wannan kaset a motarka a shingen bincike ba ƙaramar magana ba ce, sai ka cusa shi cikin buhun gero. Abdallah Oumbadougou, Allah ya jiƙansa, shi ne namu na Nijar a wancan zamani, muryarsa kowa ya san ta daga Agadas har Ingal. To wa aka ƙwace wa a nan? Mutanen da suka rasa komai ne suka sami abin riƙewa.

Uwar Biyu:
Baba Direba, ban musa ko ɗaya ba, Allah ya saka da alheri. Amma an sa hannu kan sulhu tsakanin gwamnatin Nijar da 'yan tawaye tun 24 ga Afrilun 1995. Jitar ta dawo gida, ta tarar da masu gida, ta zauna a kan tabarmarsu. Zancen da nake yi ke nan.

Ɗan Abzin:
Inna, ni ɗan Agadas ne, mahaifiyata Ba'abziniya ce, kuma ina taɓa jita kaɗan. Ki saurari kowace waƙa ta Tinariwen ki cire ƙarar jitar a ranki. Me ya rage? Tafi, amshi, guɗa, da wannan taku na raƙumi. Tende ce tsaf. Su da kansu ba su ɓoye ba. Akwai Badi Lalla, haifaffiyar In Gezzam ce a 1937, nan bakin iyakarmu, mawaƙiyar tende ce a Tamanrasat, ishumar na wancan lokaci uwa suka ɗauke ta. Ita ce ta fara haɗa tende da jita, Tinariwen suka hau dandali da ita a Paris, kuma ta fitar da faifanta na farko tana wajen shekara tamanin. Ɗaya jijiyar kuma takamba ce ta wajen Gao, wadda ake yi da tehardent, molon nan mai tsirkiya uku. In kika ji yadda Mdou ke gudu da yatsu a kan waya ɗaya yana komawa, daga nan ya ɗauko.

Bakatsine:
To ni abin da ke ɗaure mini kai, Turawa sun ce wannan kiɗa blues ne na hamada, wai daga Amurka aka kwaikwayo.

Ɗan Abzin:
Sunan kasuwa ne suka laƙaba masa don mutanensu su saya. Gaskiya ne samarin sun ji Jimi Hendrix da Dire Straits a kaset, Bombino ma ya sha faɗin haka, sun kuma ji Ali Farka Touré. Amma a Agadas ba wanda zai ce maka zo mu je kallon blues. Jita kawai ake cewa.

Malam Na-Sakkwato:
Bari in sa baki, tunda an ambaci Mdou Moctar. Mutane da yawa ba su san cewa faifansa na farko, Anar, a nan Sakkwato ya yi shi a 2008 ba. Ya shigo situdiyon da ake buga waƙoƙin finafinan Hausa, aka sa masa kiɗan kwamfuta, aka matse muryarsa da na'ura yadda ake yi wa mawaƙanmu. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori, har suka kai arewacin Mali, inda wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya tsince su ya shiga neman mai su. Yaron Abalak ne, bahago, jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta saboda gidansu ba sa son kiɗa. Wannan ɓangaren na gidansu shi nake so a duba. Iyayen da suka hana shi ba jahilai ba ne. Malamai sun yi magana a kan kayan kiɗa masu tsirkiya, kuma taron da ake cakuɗa maza da mata har tsakar dare abin dubawa ne. An ce mini ma Bombino ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas. Wannan ni bai kwanta mini ba.

Ɗan Abzin:
Allah gafarta Malam, an yi, a watan Janairun 2010, a filin da ke kusa da masallacin, kuma da iznin Sarkin Abzin. Sai an san abin da ya gabata kafin a yanke hukunci. Da tawaye na biyu ya tashi a 2007, jita ta zama abin tuhuma, aka kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa, shi ya tsere Burkina Faso. Wasan nan shi ne alamar an ajiye makamai, 'ya'yan gari sun dawo. Tsofaffi sun fito, mata sun fito. Garin ne ya yi ajiyar zuciya ran nan.

Malam Na-Sakkwato:
Na ji uzurin, amma da ni aka shawarta da an matsa gaba. Sai dai kada a haɗa ni da waɗanda suka hana kiɗa da bakin bindiga a Gao da Timbuktu da Kidal a 2012, suna ƙona kayan mutane. Nasiha daban, ta'addanci daban.

Direban Arlit:
Wannan shekarar ai ba a manta ta. A watan Fabrairu Tinariwen suka karɓi Grammy da faifan Tassili, wanda suka ɗauka a hamadar Janet, a daidai lokacin garuruwansu na cin wuta. Bikin hamada da ake yi tun 2001, wanda ya fito da su duniya ta gansu, daga na Janairun 2012 a Timbuktu bai sake zama a gida ba. Kuma Hajiya ki lura, masu bindigar nan ba su ce jita haram tende halal ba. Duka suka hana.

Ɗalibin Tizi:
Mama Uwar Biyu, abin da kika faɗa ya sa na ga wani abu a nan Kabiliya da ban taɓa haɗa shi da namu ba. Idir, wanda shi ya fitar da waƙar Kabiliya duniya, ilmin duwatsu da ma'adinai ya karanta, ba mawaƙi ba ne. A 1973 aka rasa mawaƙiya Nouara a wani shiri na gidan rediyon Aljas, babban birnin Aljeriya, aka tura shi ya tsaya a madadinta, ya rera waƙar reno. Daga nan ne fa. A Vava Inouva da ta zagaya duniya, aka juya ta cikin harsuna da dama, amshinta daga tatsuniya aka ɗauko shi: yarinya na roƙon mahaifinta ya buɗe mata ƙofa tana tsoron dodon daji, shi kuma yana cewa ta kaɗa awarwaronta ya tabbatar ita ce. Sauran baitocin, na Ben Mohamed, hoton daren sanyi ne a ƙauye, ƙanƙara ta rufe ƙofa, tsohuwa ta tara jikoki tana ba su labari. Wato kayan kaka da uwa ya ɗauka ya ɗora a kan jita. Shi ma bai taɓa ɓoyewa ba, kullum yana ambaton mahaifiyarsa da kakarsa. Su kuwa matan da suka fito da kansu suka yi waƙa a rediyo kafin shi, irin su Cherifa da Hnifa, sun sha tsangwama daga dangi, rayuwarsu ta ƙare cikin ƙunci. Namiji ya rera waƙar mata ya zama gwarzo, mace ta rera tata ta zama abin kunya. Ya rasu a Paris ranar 2 ga Mayun 2020, bayan ya dawo ya yi wasa a Aljas a Janairun 2018, karo na farko cikin kusan shekara arba'in.

Uwar Biyu:
Yawwa ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ashe ciwon ba na hamada kaɗai ba ne.

Ɗalibin Tizi:
Amin Mama. Sai dai a nan akwai wani nauyi da waƙa ta ɗauka wanda ya sa ba na iya ganin laifin mawaƙan. Bayan 'yancin kai a 1962 gwamnati ta ce ƙasa ɗaya harshe ɗaya, Larabci. A lokacin ba a koyar da Tamazight, harshen Amazigh, a makaranta, ba a shari'a da shi. Slimane Azem yana gudun hijira a Faransa aka haramta sa waƙoƙinsa a rediyo, har ya rasu a can a 1983. Abin da ya tayar da boren 1980 ma waƙa ce: an hana Mouloud Mammeri gabatar da lacca kan tsofaffin waƙoƙin Kabiliya a jami'ar nan ranar 10 ga Maris, ɗalibai suka fito, ranar 20 ga Afrilu jami'an tsaro suka afka musu. Har gobe ana tunawa da ranar. Shekara da shekaru faifai da kaset su ne makarantar harshen. Lounis Aït Menguellet, mutane haddace baitocinsa suke yi suna kawo su cikin zance kamar karin magana. Matoub Lounès kuwa, hotonsa na jikin bango da gilashin mota duk inda ka juya a garin nan. Jandarma ya ɗirka masa harsashi biyar a Oktoban 1988, 'yan bindigar GIA masu iƙirarin jihadi suka sace shi a 1994 suka riƙe shi mako biyu, ranar 25 ga Yunin 1998 aka tare motarsa a hanyar ƙauyensu aka kashe shi, saura kwana goma dokar tilasta Larabci ta fara aiki. An ɗaure mutum biyu a 2011, danginsa ba su yarda an gano gaskiya ba, mutanen yankin da yawa kuma hukuma suke zargi. Sai a 2002 aka amince da Tamazight harshen ƙasa, a 2016 ya zama na hukuma.

Malam Na-Sakkwato:
Wannan Matoub ɗin, na ji an ce yana da maganganu marasa daɗi a kan addini.

Ɗalibin Tizi:
Yana da su Malam, kuma ni ban yarda da su ba. Masu sallah da yawa a nan ma ba su yarda da su ba, amma suna sauraronsa saboda ya tsaya wa harshensu lokacin da tsayawar ke kai mutum kabari. Kiɗansa kuma ba na Turawa ba ne, da mandol yake yi, salon shaabi na birnin Aljas.

Bafatake:
Ina ta karantawa, na ga an bar Maroko a baya, alhali can ne suka fi yawa. Ina zuwa Agadir da Inezgane sarin kaya, kuma abin da na gani can ya ɗan saɓa da maganar Hajiya. Suna da kiɗa iri biyu. Akwai ahwash, na gari ne gaba ɗaya: a hura wuta a fili, a gasa fatun tambura su ɗame, maza su jeru, mata su jeru, mawaƙa biyu su yi ta jifan juna da baiti nan take kafin a shiga rawa. Ba a biyan kowa. A tsakiyar Atlas irin wannan sunansa ahidus. Sai kuma rwayes, su ne masu sana'ar, suna yawo gari gari da ribab mai tsirkiya ɗaya da lotar da wani ƙarfe da ake bugawa da sanduna. Babbansu na farko da aka ɗauka a faifai, Lhaj Belaid, tun shekarun 1930 ne. To a can ribab maza ke gogawa, mata kuma sun shiga sana'ar sun yi suna har sun fi wasu mazan. Fatima Tabaamrant marainiya ce, ba ta yi boko ba, da waƙa ta tashi har ta shiga majalisar dokoki a 2011, shekarar da tsarin mulkinsu ya amince da harshen. A 2012 ta miƙe a zauren majalisa ta yi tambayarta da Tamazight, abin da ya tayar da ƙura saboda ba a tanadi tafinta ba. A shekarun 1970 samari irin su Izenzaren suka shigo da banjo, aka ce sun ɓata gargajiya. Yau ga su ga rwayes ga ahwash, duka ana hawa dandali ɗaya da su a bikin Timitar na Agadir. Mohamed Rouicha na Khenifra ma ƙara wa lotar tsirkiya ta huɗu ya yi, yanzu shi ake kira gargajiya.

Bakatsine:
Su ne masu Gnawa ɗin nan da ake cewa akwai kalmomin Hausa a waƙoƙinsu?

Bafatake:
A'a, Gnawa zuriyar bayin da aka kai daga ƙasashenmu ne ta hamada, tarihinsu daban. Ranar da aka buɗe zancensu ina da abin faɗa.

Uwar Biyu:
Alhaji Bafatake, ka kawo hujja mai kyau, amma ka duba dalilin da ya sa ahwash bai mutu ba. Ƙauyen na nan. Dutsen na nan, gonar na nan, ko an tafi Kasablanka ko Faransa neman kuɗi ana dawowa biki da rani. Abzinawa kuwa zangon ne kansa ya watse. Tende zan iya yarda ta tsira, don ko a bayan gari aka sauka akwai turmi, akwai ƙwarya da za a kifa a ruwa a buga, irin kiɗan ƙwaryar da marigayiya Barmani Choge ta yi suna da shi. Har tenden da ake kafa wa wadda iska ta taɓa ana yi. Imzad fa? Kada kamarsa da goge ta ruɗe ku. Mu a wurinmu mai goge ba a ɗauke shi da daraja ba, ana haɗa shi da bori da gidan magajiya. Su kuwa imzad na 'ya'yan manya ne. In mace ta ɗauke shi maza shiru suke yi, ba a ci ba a sha, wanda zai rera baiti a kai sai ya san abin da yake yi. A da mayaƙi na tsoron ya gudu daga fagen fama don kada a hana shi zama inda ake goga imzad. Koyonsa shekaru ne a gefen uwa ko goggo. Muryarsa ƙasa ƙasa ce, ba ta iya ja da lasifika. UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2013 da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. Takarda ta samu. Yarinya nawa kuka sani a Agadas ko Abalak da ke koyo?

Ɗan Abzin:
A nan kam ba ni da ta cewa, Inna. Ni ban san ko ɗaya a unguwarmu ba. Amma ta ɓangaren jita mata sun fara karɓar abinsu. Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad, kusa da Abalak, a ɓoye ta koya da jitar yayanta. Faifansu na farko a 2016, gefe ɗaya jita, ɗaya gefen tende zalla yadda ake yi a ƙauye, kuma sun zagaya Turai da Amurka da turminsu da ƙwaryarsu. Kafin su akwai Tartit na wajen Timbuktu, mata ne ke jagoranci, a sansanin gudun hijira suka haɗu a shekarun 1990, suna kaɗa tende da imzad a dandali.

Uwar Biyu:
Na san su, ina alfahari da su. Ƙungiya biyu ke nan a cikin nawa?

Bakatsine:
Ni wani abu ke cina tun ɗazu. Mdou ya zo Sakkwato ya ari salonmu, yau yana cika dandali a Amurka. Bombino ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin takarar Grammy. Mu da muka fi su yawa nesa ba kusa ba, waƙarmu ba ta wuce inda Bahaushe yake. Ina gurmi, ina kuntigi, ina kalangu? Mun zuba komai a fiyano.

Malam Na-Sakkwato:
Ai shi ma bai fita da salon Sakkwaton ba. Sai da ya ajiye kiɗan kwamfuta ya koma jita da ganga na hannu sannan Turawa suka buɗe masa ƙofa sosai. Jita yarensu ce, suna jin ta ko ba su san me ake faɗa ba. Waƙar Hausa kuwa nauyinta a magana yake. Wanda bai ji Hausa ba me zai tsinta a Shata? Kuma mawaƙinmu yana da kasuwar miliyoyin mutane a gida, bai matsu da Bature ba.

Ɗan Abzin:
Haka ne, kuma fitar tana da farashinta. Wanda ke wasa a gaban mutanen da ba sa jin Tamajak, harshen Abzinawa, dole ya tsawaita jita ya rage baiti, alhali a zamanin kaset baitin ake bi, saƙo ne. Shi ya sa ni na fi son na gidan biki, irin Etran de L'Aïr, 'yan gida ɗaya da suka shekara da shekaru suna kiɗa a bukukuwan talakawan Agadas, na Abzinawa da na Hausawa da na Zabarmawa. Sai dai in yi wa Mdou adalci, bai sassauta harshe ba. Yana zagin mulkin mallaka a gaban jikokin masu mulkin, yana maganar yuraniyom ɗin Arlit da aka daɗe ana haska Faransa da shi garuruwanmu na cikin duhu.

Direban Arlit:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma ina ganin shi ne amsar tambayar Hajiya: kuɗi. A al'adar Abzinawa mai kiɗa don a ba shi abu maƙeri ne ko maroƙi, su ke riƙe da tehardent. Ɗan babban gida ba ya kiɗa a biya shi, 'yar babban gida ba ta goga imzad a yi mata liƙi. Ishumar ne suka karya wannan, da farko ma kyauta suke yi, bayan sulhu abin ya zama sana'a, 'yan siyasa na ɗaukarsu kamfe, masu biki na biyansu. Yaro ya ga jita na kawo babur da kuɗin cefane. Yarinya ta ga imzad ba ya kawo ko sabulu, kuma in ta karɓi kuɗi a kansa a ce ta zubar da girman gidansu. Wa zai koya? A Tamanrasat da suka ga tsofaffin da suka iya sun kusa ƙarewa, wata ƙungiya ta tashi a 2003, aka gina gida musamman, Dar Imzad, aka zaunar da tsofaffin suna koyar da 'yan mata ana ba su alawus. Sunan abin ya koma koyarwa, ba roƙo ba, kunya ta kau.

Uwar Biyu:
To ka ga inda gizo ke saƙar. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya, an adana kayan kiɗan gargajiya a can, amma tsofaffin da suka iya ba a Yamai suke ba, suna Azawak da Abzin. Can ya kamata a bi su. Kuma su Bombino da Mdou da suka ci moriyar tafin iyayensu mata, wannan bashi ne a kansu. Ɗan Abzin, kai da ke cikinsu, ka isar musu.

Ɗan Abzin:
Ni ƙarami ne a cikinsu Inna, amma masu kiɗan unguwa ina zama da su. Abin da zan iya shi ne in ce duk bikin da aka kira mu, a bar wa mata sa'a ɗaya ta tende kafin a tayar da janareto, kuma a raba abin da aka samu da su. Wasu za su ƙi, na sani. In Allah ya kai mu bikin Cure Salée, taron makiyaya na Ingal, a watan Satumba, zan nemi masu imzad in ɗauke su a waya in kawo muku nan.

Direban Arlit:
Kada ka tunkare su da waya a hannu, yaro. Ka fara neman wata dattijuwa a danginku ta kai ka. Ka tafi da shayi da sukari da turmin zane, ka ba babbar cikinsu a matsayin gaisuwa, kada ka miƙa kuɗi a gaban mutane. Ka nemi izni kafin ka ɗauka, ka kuma gaya mata inda za ka sa shi. In ta ce a'a, ka zauna ka saurara kawai. Kuma ka je da dare bayan an kashe injuna, da rana ba za ta kaɗa ba.